Indiya: me ya sa labarin auren mutum biyu ya zama abin faɗa?

Me zai sa kamfani mai ƙarfi irin Tanishq, wanda ke ƙarƙashin rukunin Tata, ya janye tallar zinare da ba ta cika minti ɗaya ba? Me kuma zai sa 'yan jarida uku su mayar da martani da ba da labarin auren mutane, ba su tafi kotu ba, ba su fito zanga-zanga ba?

A watan Oktoban 2020 ne kamfanin ya saki tallar. Wata 'yar Hindu ce mai juna biyu, tana aure a gidan Musulmi, dangin mijin suka shirya mata irin bikin da 'yan Hindu ke yi wa mai ciki. Ta ce wa uwar mijin ai wannan ba al'adar gidanku ba ce. Uwar mijin ta amsa da cewa faranta wa 'ya mace rai al'adar kowane gida ce. Iyakar tallar ke nan. Kafin ka ce kwabo Twitter ya ɗauki zafi, ana kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin, ana zarginsa da tallata abin da suke kira "love jihad", wato jihadin soyayya, zargin cewa samarin Musulmi na yaudarar 'yan matan Hindu don su musuluntar da su. Cikin 'yan kwanaki aka sauke tallar, kamfanin ya ce yana duba ran da aka ɓata wa mutane da kuma lafiyar ma'aikatansa na shaguna.

Ranar 28 ga wannan watan, Priya Ramani da mijinta Samar Halarnkar da abokiyarsu Niloufer Venkatraman suka buɗe shafi a Instagram mai suna India Love Project. Aikin shafin ɗaya ne: hoton ma'aurata da gajeren labarinsu daga bakinsu, mutanen da suka haɗu duk da bambancin addini, ko na asali, ko na ƙabila, har da masu jinsi ɗaya. Labarin farko na iyayen Niloufer ne, uwa 'yar Parsi, wato mabiya addinin Zoroaster masu asali daga Farisa, uba ɗan Hindu.

Wanda ya tashi da kallon fim ɗin Indiya a Kano ko Damagaram zai yi mamaki. Ba ƙasar soyayya ba ce? Ba Shah Rukh Khan Musulmi ne ya auri Gauri 'yar Hindu tun 1991 ba? Haka ne. Sai dai abin da ke cikin fim daban, abin da ke cikin gidaje daban. Binciken da cibiyar Pew ta wallafa a 2021, bayan ta tambayi mutum kusan 30,000, ya nuna kashi 99 cikin 100 na 'yan Hindu masu aure, ɗan addininsu suka aura. Na Musulmi kashi 98. Wani babban binciken gidaje na 2011 zuwa 2012 ya gano auren da ya tsallake asali bai wuce kimanin kashi 5 ba.

Mene ne jati, kuma me ya haɗa shi da aure?

Abin da Indiyawa ke kira jati rukuni ne da ake haihuwar mutum a cikinsa, ya mutu a cikinsa. Littattafan Hindu na da sun kasa mutane gida huɗu: Brahmin masu kula da ibada, Kshatriya mayaƙa da sarakuna, Vaishya 'yan kasuwa, Shudra masu aikin ƙarfi. A wajen waɗannan huɗun akwai waɗanda yau ake kira Dalit, mutanen da aka bar wa jima da shara da kwasar najasa, waɗanda a da ko taɓa su ƙazanta ne. Ƙidayar 2011 ta sa su kashi 16.6 na al'ummar ƙasar, mutum kusan miliyan 200. A rayuwar yau da kullum kuwa, jati dubbai ne, kowane da sunansa da matsayinsa a yankinsa.

Bahaushe ba baƙon wannan tunani ba ne gaba ɗaya. Mun san binciken asali kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, mun san gidajen da har yau ke jan ƙafa in an ce manemin mahauci ne ko maroƙi ko ɗan maƙera, mun san karin maganar da ke cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Bambancin shi ne namu al'ada ce da kuɗi da ilimi ke iya narkar da ita, malaman Malikiyya kuma addini da lafiya suka sa a gaba wajen dacewar ma'aurata. A Indiya abin ya yi saiwa har ya bi waɗanda suka bar addinin Hindu. Musulmin ƙasar ma suna da ashraf masu da'awar asalin Larabawa ko Farisa, da ajlaf, da arzal na ƙasa. Kiristoci ma haka.

Jati ba ya rayuwa sai da aure. In 'ya'ya mata suka fara auren wanda suka ga dama, cikin zuriya biyu ko uku iyakar ta goge, gona da gado da suna duk su cakuɗe. B. R. Ambedkar, Dalit ɗin da ya jagoranci rubuta tsarin mulkin 1950, ya gane haka tun 1936, inda ya rubuta cewa auratayya ce maganin gaskiya na tsarin. Shi da kansa ya auri likita 'yar Brahmin a 1948. Sashe na 17 na tsarin mulkin ya haramta ƙyamar Dalit, gwamnatin tarayya ma ta ƙirƙiro shirin ba da rupee 250,000 ga auren da ɗaya cikin biyun Dalit ne. Duk da haka a watan Satumban 2018, a garin Miryalaguda na jihar Telangana, an sassare wani matashi Dalit a ƙofar asibiti, a gaban matarsa mai ciki wadda ba Dalit ba ce, aka tuhumi mahaifinta attajiri da ɗaukar hayar makashin. A wannan shekarar ce Kotun Ƙoli ta yanke cewa majalisun dattawan ƙauye da ake kira khap ba su da hurumin hana baligai biyu aure.

Daga ina jihadin soyayya ya fito?

Zargin shi ne wai akwai shiri na ɓoye da samarin Musulmi ke yaudarar 'yan matan Hindu da soyayya, su musuluntar da su, don a rinjayi ƙasar da yawan haihuwa. Kalmar ta fara yawo a jihohin Kerala da Karnataka wajen 2009, kuma wasu shugabannin coci a Kerala sun riƙe ta kamar yadda ƙungiyoyin Hindu suka riƙe ta. Tsoron da ke ƙarƙashinta ya girmi sunan. A shekarun 1920 an yi ta raba ƙasidu a arewacin Indiya masu irin wannan zargi. A rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 kuwa, an sace dubun-dubatar mata daga kowane ɓangare, tabon da bai warke ba har yau.

Musulmi kashi 14.2 ne a ƙidayar 2011, 'yan Hindu kashi 79.8. A watan Fabrairun 2020 ƙaramin ministan cikin gida, G. Kishan Reddy, ɗan jam'iyyar BJP mai mulki, ya faɗa wa majalisa cewa babu wannan kalma a dokokin ƙasar, kuma hukumomin bincike na tarayya ba su kawo rahoton irin wannan laifi ba. Wannan bai hana Yogi Adityanath, babban ministan jihar Uttar Pradesh, gargaɗin masu yin sa a wani gangami na wannan shekarar cewa su shirya wa jana'izarsu ba.

Shari'ar Hadiya ce ta fi nuna yadda zargin ke aiki. Ɗaliba ce a Kerala, sunanta na farko Akhila, ta musulunta, daga baya ta auri Musulmi a ƙarshen 2016. Mahaifinta ya kai ƙara. A watan Mayun 2017 Babbar Kotun Kerala ta raba auren, ta mayar da ita hannun iyayenta, tana cewa mace 'yar shekara 24 mai rauni ce, ana iya yaudararta. Hadiya ta yi ta faɗa wa alƙalai da 'yan jarida cewa babu wanda ya tilasta mata. Sai a watan Maris na 2018 Kotun Ƙoli ta mayar mata da aurenta.

A lura da abu ɗaya a nan, domin shi ne ginshiƙin maganar duka. A cikin labarin jihadin soyayya mace ba ta da baki. In ta ce ina so, an ce an juya mata kai. In ta ce da kaina na tafi, an ce tsoro ne ya sa ta faɗa. Uba na magana a madadinta, ƙungiya na magana, ɗan sanda na magana, ita kaɗai ce shaidarta ba ta karɓuwa.

Ƙofa biyu, kowacce da mai gadi

A Indiya kowane addini da dokar aurensa. Musulmi da 'yar Hindu da ke son aure hanya biyu gare su. Ko dai ɗaya ya koma addinin ɗayan a ɗaura bisa wannan addinin, ko su yi rajista a ƙarƙashin Dokar Aure ta Musamman ta 1954, wadda ba ta tambayar addini.

Ta biyun tana da tarko. Dole su sanar da jami'in aure, a liƙa sanarwar a ofis kwana 30, da suna da adireshi, domin mai ƙorafi ya kawo. Wata guda ya ishi dangi su gano su, ya ishi 'yan banga su ɗauki hoton takardar su watsa a WhatsApp. A 2018 wani shafin Facebook ya wallafa jerin ma'aurata sama da 100 yana kiran a far wa mazan. Kerala ta daina sa sanarwar a intanet a 2020, Babbar Kotun Allahabad kuma ta yanke a Janairun 2021 cewa ba dole ba ne a liƙa ta. Akwai wani abin kuma da ya shafi Musulmi: wanda ya yi aure ta wannan doka, ba da rabon Musulunci za a raba gadonsa ba, da dokar gado ta ƙasa ta 1925 za a raba.

Saboda kwana 30 ɗin nan ne da yawa suka riƙa bin ƙofar farko, ta sauya addini, wasu da zuciya ɗaya, wasu don sauri kawai. Ita ce ƙofar da sababbin dokoki suka zo suka tare. A Nuwamban 2020 Uttar Pradesh, jihar da yawan mutanenta ya kusa na Najeriya, ta kafa dokar da ta ce mai son sauya addini ya sanar da hakimin gunduma kwana 60 kafin lokacin, 'yan sanda su bincika. Wanda ake zargi shi zai kawo hujjar cewa bai tilasta ba. Wanda ya koma addininsa na baya kuwa, dokar ba ta lissafa shi cikin masu sauya addini ba, kowa kuma ya san masu komawa addinin Hindu ne wannan sassaucin ya amfana. A 2024 aka ƙara tsananta ta: hukunci na iya kaiwa ɗaurin rai da rai, kuma kowa na iya kai ƙara, ba sai dangi ba. Madhya Pradesh da Gujarat da Haryana da Uttarakhand duk suna da makamanciyarta, ko da yake Babbar Kotun Gujarat ta dakatar da wasu sassan tata a 2021.

To me labari zai yi a nan?

Waɗanda suka buɗe shafin sun fahimci cewa abokin hamayyarsu ma labari ne. Jihadin soyayya tatsuniya ce mai mugu da yarinya da jarumin da zai cece ta, ba a kuwa kashe tatsuniya da alƙaluma. Minista ya faɗa a majalisa, bai rage komai ba. Sai suka ɗauko abin da waccan tatsuniyar ta rasa, wato muryar matar. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Labaran kuma ba irin na fim ba ne. Yawanci ƙananan abubuwa ne: wanda ba ya cin nama da wadda ba ta iya kwana biyu babu nama, sunan da za a raɗa wa yaro, surukar da ta yi shekaru ba ta magana sannan jika ya zo. Akwai tsofaffin hotuna na auren da ya yi shekara arba'in ko hamsin, waɗanda ke nuna abin ba sabo ba ne. Daga baya masu shafin suka fara haɗa waɗanda ke cikin matsala da lauyoyi da masu ba da shawara, aikin da ƙungiyar Dhanak ta Delhi ta daɗe tana yi. A 2024 Amazon Prime ya fitar da shiri mai kashi shida da aka ɗauko daga waɗannan labarai.

Shin yana sauya tunani? Amsa mafi amfani da na sani daga Ruwanda ta fito. Bayan kisan ƙare-dangi na 1994, an fara wani wasan kwaikwayo na rediyo a 2004 game da ƙauyuka biyu masu gaba da masoya biyu a tsakaninsu. Mai bincike Elizabeth Levy Paluck ta bi masu sauraro har shekara guda. Abin da ta gano shi ne aƙidar mutum ta kansa ba ta cika motsawa ba, amma abin da yake ganin jama'a za su yarda da shi, har da auratayya, ya motsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in aka tuna cewa uban da ke korar 'yarsa sau da yawa ba ƙin surukin ne ya fi damunsa ba, abin da mutane za su ce ne. In ya ga gidaje ɗari da suka yi hakan kuma sama ba ta faɗo ba, nauyin bakin duniya ya ragu a kansa.

Amma ina ganin a nan ne kuma raunin aikin yake. Yawancin labaran da Turanci ake rubuta su, masu bayarwa 'yan boko ne na Mumbai da Delhi da Bengaluru, masu aikin yi da gidan haya da fasfo. Masu karantawa ma galibi sun riga sun yarda. Yarinyar ƙauyen Haryana da ke ɓoye a gidan mafaka na gwamnati ba za ta sa hotonta a Instagram ba, domin hoton ne zai nuna wa yayyenta inda take. Waɗanda suka tsira su ke ba da labari. Auren da ya mutu, ko matar da dangin miji suka matsa wa ta bar addininta bayan biki, da wuya a gan su a irin wannan shafi, alhali suna nan.

Su wa ke adawa, kuma da wace hujja?

Kuskure ne a ɗauka 'yan Hindu masu tsattsauran ra'ayi ne kaɗai ba sa so. A binciken Pew ɗin nan, kashi 67 na 'yan Hindu sun ce yana da matuƙar muhimmanci a hana matansu auren wani addini. Musulmin da suka faɗi haka game da nasu matan kashi 80 ne. A watan Fabrairun 2018 dangin wata Musulma suka kashe saurayinta ɗan Hindu a kan titi a Delhi. Mahaifin mamacin ya ƙi yarda a mayar da mutuwar ɗansa makamin siyasa, har ya shirya buɗa-baki a unguwarsu da azumin wannan shekarar. A 2022 a Hyderabad ma an kashe wani Dalit da ya auri Musulma, aka kama ɗan'uwanta.

Hujjar malaman Musulunci a fili take. An halatta wa namiji auren Kirista ko Bayahudiya, shi ya sa auren Bola Tinubu da Oluremi bai zama abin mamaki ba a ƙasar Yarabawa. Mace Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba, kuma jumhurin malamai ba su sa 'yan Hindu cikin Ahlul Kitabi ba. Ƙananan al'ummu irin su Parsi, waɗanda ba su kai 60,000 ba a ƙidayar 2011, tsoron ƙarewa suke yi. Iyaye kuma na da tambayoyin da ba na ƙiyayya ba ne: wane addini jikoki za su bi, wa zai yi wa wa sallar gawa ko ƙona gawa, ina za ta koma in aure ya mutu bayan ta ɓata da kowa?

Labari ba ya amsa tambayar halal da haram, masu shafin ma ba su ce malamai ne su ba. Abin da ake jayayya a kansa a Indiya ya fi haka ƙanƙanta kuma ya fi gaggawa: in uba bai yarda ba, iyakarsa fushi da yanke zumunci, ko yana da ɗan sanda da kurkuku da 'yan banga a bayansa? Malami na iya cewa auren bai halatta ba, kuma ya ce zubar da jini a kansa babban laifi ne. Musulmin Indiya na da wani dalilin na kansu na lura, tunda dokar da aka ce ta hana yaudara ita ce ke sa baligin da ya musulunta don Allah ya jira izinin hakimi.

Me ya kawo masu jinsi ɗaya cikin wannan jeri?

Nan ne mai karatu da yawa zai ja baya. Matsayin Musulunci da na mafi yawan coci-cocinmu sananne ne, Najeriya kuma na da dokar 2014 mai hukuncin shekara 14 a kan auren jinsi ɗaya. A Indiya tafiyar ta bi wata hanya. Sashe na 377 na dokar laifuka, mai hukunta saduwar jinsi ɗaya, wanda Turawan Ingila suka bari tun ƙarni na 19, Babbar Kotun Delhi ta sassauta shi a 2009, Kotun Ƙoli ta dawo da shi a 2013, sannan ita da kanta ta cire baligai masu yarda da juna daga cikinsa ranar 6 ga Satumban 2018. A Oktoban 2023 kuwa alƙalai biyar suka ƙi halatta auren jinsi ɗaya, suka ce aikin majalisa ne. Gwamnatin Firayim Minista Narendra Modi ta yi adawa da buƙatar, haka ma Jamiat Ulama-i-Hind, ɓangarori biyu da ba su cika haɗuwa a kan komai ba.

Abin da ya haɗa su da sauran shi ne abin da ke biyo bayan barin gida iri ɗaya ne. Iyaye su kai rahoton ɓata ko sata, 'yan sanda su kamo baligi su mayar da shi, a kulle shi a ɗaki, a yi masa auren dole. Lauyoyi ɗaya ne ke zuwa kotu ɗaya da roƙo ɗaya, a fito da wance ta faɗi da bakinta inda take son zama. A 2021 wasu mata biyu da suka gudu daga Madurai zuwa Chennai suka kai irin wannan ƙara. Alƙali Anand Venkatesh na Babbar Kotun Madras ya faɗa a fili cewa shi ma ya taso da ƙyamar abin, ya je ya zauna da masaniyar halayyar ɗan'adam, ya saurari mutanen da abin ya shafa, kafin ya umarci 'yan sanda su riƙa rufe rahoton ɓatan da iyaye suka kai da zarar sun tabbatar baligai ne da suka tafi da son ransu.

Wa abin ya fi ci?

Talaka. Lokacin da 'yar fim Sonakshi Sinha ta auri Zaheer Iqbal a Yunin 2024 ta Dokar Aure ta Musamman, abin da ya same su zagi ne a intanet, suka rufe wurin sharhi a ƙarƙashin hotunan bikin, aka ci gaba da shagali. Tela ko lebura a wata gundumar Uttar Pradesh, in aka kai ƙararsa, kamu ne da beli mai wuyar samu. Ko da kotu ta wanke shi daga baya, ya yi watanni a tsare, sana'a ta tsaya, wani lokaci an haɗa da mahaifinsa da 'yan'uwansa da wanda ya ɗaura auren. Ita kuma matar a kai ta gidan ajiye mata na gwamnati, ko a miƙa ta ga iyayen da ta gudu daga wurinsu. Limamai da masu rajista sun fara gudun irin wannan aure, masu gidajen haya ma haka.

Hannun hukuma kuma ƙara shiga yake yi. Tun Janairun 2025, a jihar Uttarakhand, ko mace da namijin da ke zaune tare ba aure dole su yi rajista cikin wata guda, in ɗayansu bai kai shekara 21 ba kuma sai an sanar da iyayensa.